Kiɗan Senyorita Tinay

Zenaida tana da shekara goma sha ɗaya ta fara yanke Senyorita Tinay daga jarida. Ƙanwar mahaifiyarta da ta riƙe ta, Tiya Coring, busasshen kifi take sayarwa a kasuwar La Paz, tana sayen tsofaffin jaridu da kilo don naɗe wa masu saye kaya. Aikin Zenaida in an taso daga makaranta shi ne yayyaga su gida huɗu-huɗu. A shafin baya na jaridar Lahadi ake buga zanen barkwancin Manong Crisanto, wato Yaya Crisanto, akwati huɗu a jere, labarin mutanen wani lungu: mai aski, wani ɗan dako mashayi, da matar da kullum take bin mijinta da silifa. A shekarar ce ya ƙaro musu Tinay, doguwar mace mai wuya kamar na balbela, tabarau a ƙarshen hanci, ba ta taɓa aure ba, tana zaune gaban piyano a tagar bene. Ruwa ya ci lungun, ko gobara ta tashi, ko ana dambe, ita dai kiɗanta take yi. A akwatin ƙarshe galibi sai wani ya jefo mata takalmi.

Duk birnin Iloilo dariya ake mata. Mace in ta haura talatin ba miji, sai ka ji an ce ta zama Tinay. Zenaida ba ta taɓa ganin abin dariyar ba. Ita abin da take gani, ga wata da ke yin abin da ranta yake so, ba ta ko ɗaga kai ta dubi masu jifan. Zenaida kuwa ko sunanta malami ya kira a aji sai kunnuwanta sun ɗauki zafi. Sai ta riƙa yankewa da almakashin kifi, ta manna a littafin rubutu da ƙwayar dafaffiyar shinkafa, ta rubuta kwanan wata a ƙasa. Tinay ba kowane mako take fitowa ba, wani lokaci sau ɗaya a wata. In jaridar wani mako ba ta faɗo cikin kilon Tiya ba, sai Zenaida ta je ta tsaya a ƙofar shagon aski har mai shagon ya gaji da ganinta ya miƙo mata tasa.

A saman kan Tinay kullum akwai layuka biyar da 'yan alamomin kiɗa a kai, baƙaƙe masu jela kamar talibambam. Kowa ado ya ɗauke su. Zenaida ma haka, har ta kai shekara goma sha shida, lokacin da wata tsohuwar sistar coci ta koya mata karanta irin alamomin don ta riƙa taimakawa da kaɗa ogan ɗin coci. Wata ranar Asabar da rana, ba kowa a cocin, ta buɗe littafinta ta danna abin da ke saman kan Tinay a shafin farko. Ba shirme ba ne. Ta juya shafi ta danna na gaba, sai ya ɗora daidai daga inda wancan ya tsaya. Ta juya wani. Shi ma ya ɗora. Kiɗa ɗaya ne, mai tafiya a hankali, ana ɗiga shi kaɗan-kaɗan shekara da shekaru a bayan jaridar da ake naɗe kifi da ita.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta gama sakandare, ta samu aikin yin ramin maɓalli a shagon ɗinkin kayan 'yan makaranta, tana ci gaba da yanka da mannawa, duk sabon gutsuren da ya fito ta kai shi coci ta haɗa da na baya. Littattafan suka kai tara. Kiɗan ya hau, ya sauko, ya fara karkata kamar mai shirin sauka gida. Sai wata shida da suka wuce abin ya lalace. Layuka huɗu maimakon biyar, jela a karkace, ka danna ka ji kamar kyanwa ta taka piyano. Bayan nan kuma jarida ta sanar cewa Manong Crisanto zai ajiye alƙalami, za a yi masa bikin girmamawa a ƙarshen wata.

Kwana uku Zenaida tana juya abin. In zanen ya ƙare, kiɗan ya mutu ba ƙarshe. Ranar Lahadi bayan coci ta ɗaure littattafan da igiya.

"Ina zuwa da wannan tulin?" in ji Tiya Coring, tana korar ƙudaje da mafici.

"Unguwar Jaro. Gidan Manong Crisanto."

Tiya ta sauke maficin. "Ke? Ke da ko mai gyaran fanfo ya zo sai kin shige bayan labule? Inday, littattafan nan fa tun daga bakin titi ake jin warin kifinsu." Inday haka ake kiran 'ya mace a can.

"Tambaya ɗaya zan yi masa."

"To ki rubuta ta a tafin hannu, don na san ki, kina ganinsa za ki haɗiye ta. Tsaya, kada ki je wa babban mutum hannu rabbana." Ta ciro kwalin biskit ɗin biskoco daga saman kabad ta cusa mata. "In yana da ɗa mara aure ki yi masa murmushi, kada ki ƙare a taga ana jifanki da takalmi."

Gidan tsohon gidan katako ne mai bene. Manong Crisanto da kansa ya buɗe, cikin singileti, tumbi a gaba, tawada a yatsu. Zenaida ta kama hannunsa ta kai goshinta, yadda ake gaida manya a nemi albarka. Ya karɓi biskocon da murna, ya zaunar da ita a falo, ya yi ta buɗe littattafan yana ƙyaƙyata dariyar zanen kansa.

"Kai, wannan na manta da shi ma! Dubi hancin! Inday, ke kam kin fi matata kula da ni, Allah ya jiƙanta, ita da shi take kunna wuta."

Ta sunkuyar da kai, ta tattaro ƙarfinta duka. "Manong, ƙarshen kiɗan nake so."

"Wane kiɗa?"

Ta nuna masa saman kan Tinay, ta yi masa bayani da ƙyar, rabi a ciki rabi a waje. Ya tsaya yana kallonta da baki a buɗe, sai ya fashe da dariya har da dukan cinya.

"Waɗannan talibambam ɗin? Ni me na sani a kansu? Hannuna ba ya iya su. Fili nake bari, yayata ta cike mini in ta gama wanke-wanke. Tunda ɓarin jikinta ya shanye ni nake ta kwaɓa su. Wai kiɗa! Tsaya ki gani." Ya miƙe yana ƙwala kira. "Manang! Manang Pacita, fito, kin yi masoyiya!"

Ya turo ta a keken guragu daga ɗakin baya. Doguwar tsohuwa ce, wuya dogo, tabarau ya zamo ƙarshen hanci, hannun dama a naɗe kan cinya kamar ba nata ba. Zenaida ta gane ta tun kafin keken ya gama shigowa. Ta durƙusa ta kama hannun hagun ta kai goshi, ta kasa sakinsa da wuri.

"Kin ga kamar ko?" in ji Crisanto yana ƙifta ido. "Ba ta fushi. Ko kina fushi, Manang? Ai ni na sa ta yi suna. Da can Manila za ta tafi karatun kiɗa, an ma ɗauke ta, sai Tatay, mahaifinmu, ya rasu. Ita ce babba, mu huɗu a bayanta, to kin san yadda abin yake." Ya nuna piyanon da ke jikin bango. An lulluɓe shi da farin saƙi, a sama ga hotunan maza huɗu cikin rigar kammala jami'a, ga mutum-mutumin Yesu jariri da jar alkyabba, ga kwalbar furen roba. "Shekara nawa rabon da a buɗe wannan? Zo mu sauke waliyyai mu ji wannan kiɗa naki."

Suka sauke kayan ɗaya bayan ɗaya. Madannan sun yi rawaya, biyu ba sa tasowa in an danna. Zenaida ta zauna, ta juya wa kowa baya, wanda hakan ya taimaka mata. Ba ta buɗe littafi ba. Ta kaɗa tun daga gutsuren farko, ta hau inda yake hawa, ta sauko, har ta iso inda layukan suka lalace, ta ɗaga hannu. Kiɗan ya tsaya a rataye.

Da ta waiwayo, Crisanto ya daina dariya. Yana shafa haɓa, idonsa na kan littattafan. Manang Pacita ba ta yi kuka ba. Yatsun hagunta ne kawai ke motsi a kan gwiwa, ba su tsaya inda Zenaida ta tsaya ba.

"Wa ya koya miki?" Maganar na fita ta gefen baki, a hankali, amma ana ganewa.

"Ke, Manang."

"Hm."

"Wannan fa abu ne," in ji Crisanto. "Wannan babban abu ne! Inday, ranar bikina ke za ki kaɗa shi. Kada ki ce a'a, na gama magana. Bari in kawo lemo." Ya nufi kicin yana fito.

Tsohuwar ta jira sai da ƙarar silifansa ta yi nisa.

"Shekara goma sha uku," ta ce. "Ba wanda ya taɓa tambaya. Ko shi."

"Ina ƙarshen, Manang?"

Ta ɗaga yatsa ta taɓa gefen kanta. "Yana nan. Hannun ne ya tafi. Bayan bikin ki zo, in rera miki, ki rubuta." Ta numfasa. "Kin ga idonsa? Na san ƙanena Santoy tun yana fitsarin kwance. Zai ce nasa ne."

"Zan faɗa musu naki ne. Zan faɗi sunanki a gaban kowa."

Manang Pacita ta dube ta ta saman tabarau, ta daɗe tana dubanta. "Sau ɗaya ma ya isa," ta ce.

Mako biyu Zenaida tana haddar jimlar. Gajera ta yi ta don kada ta ɓace mata: Wannan kiɗa Manang Pacita ce ta rubuta shi. Tana faɗinta a ƙarƙashin ƙarar keken ɗinki, tana faɗinta a cikin jip ɗin haya, tana faɗa wa madubin banɗaki. Har ta gwada a kan Tiya Coring, wadda ta ce, "Da ƙarfi mana, ba addu'a kike yi ba! Kuma ki miƙe, kin lanƙwashe kamar jatan lande."

Ranar Asabar da ƙarfe uku aka yi bikin, a zauren wani otal. Mutum ya kai ɗari uku. 'Yan jarida, malaman makaranta, matan manya da mafitansu. An jera tukwanen taliya da gasasshen alade a gefe. An manna manyan zanen mutanen lungun a bango, na Tinay ya fi kowanne tsawo. Manang Pacita na sahun gaba a kekenta, an sa mata riga mai ruwan toka, an shafa mata hoda fiye da kima. Wani ɗan wasan barkwanci na rediyo ya fito da shigar Tinay, siket har ƙasa da wuyan kwali, yana rangwaɗa tsakanin kujeru yana tambayar maza ko akwai mai neman mata. Zauren ya kece da dariya. Ya zo daidai keken ya rusuna ya ce, "Yaya, ashe kin riga ni zuwa!" Aka sake kecewa. Tsohuwar tana kallon gabanta.

Aka yi jawabai. Editan jaridar ya yi nasa mai tsawo. Sannan Manong Crisanto ya hau, cikin farar rigar zaren abarba, gashi ya sha mai.

"Yau zan tona muku wani sirri," ya ce. "Shekara goma sha uku ina ɓoye muku abu a ƙarƙashin hancinku. Kuna ta dariyar Tinay, ba wanda ya tambayi me take kaɗawa. Na ce bari in gani, a duk garin nan ko akwai mai ido. Furofesoshi ba su gani ba. Edita bai gani ba, shi dama ba ya ganin komai sai kuskuren waƙafi." Dariya. "Wa ya gani? Yarinya mai ɗinkin maɓalli, daga kasuwar kifi! Inday Zenaida, taso."

Ta taso. Ta hau dandali ta zauna. Piyanon otal ɗin baƙi ne mai sheƙi, ba ta taɓa taɓa irinsa ba, madannan na sauka da kansu. Da ta fara sai zauren ya yi tsit, har ƙarar fanka ake ji. Ba ta taɓa kaɗa shi da kyau kamar ranar ba. Ta ga wata mata a gefe ta ajiye cokalinta. Da ta iso inda ya yanke ta ɗaga hannu, sai ga silifa ta taso daga wajen ɗan wasan nan ta faɗo kusa da ƙafarta. Zauren ya ɓarke da dariya da tafi tare, mutane na miƙewa tsaye.

"Da gangan na bar shi ba ƙarshe!" Crisanto ya ɗaga murya a kan tafin. "Mai fasaha ba ya ba da komai duka!"

Edita ya jawo ta tsakiyar dandali, ya kawo makirfo daidai bakinta. "To, Inday, gaya mana. Me kika ji ranar da kika gano sirrin Maestro Crisanto?"

Jimlar na nan a kan harshenta, ba ta ɓace ba. Ta buɗe baki. A daidai lokacin Manong Crisanto ya matso, fuska cike da fara'a, idonsa har da ƙwalla, ya miƙo mata bayan hannunsa a gaban kowa. Ba ta yi shawara da kanta ba. Tun tana shekara biyu in babba ya miƙo hannu haka jikinta ya san abin yi. Ta rusuna, ta kama, ta kai goshi. "Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce, makirfon ya ɗauka ya watsa ko'ina. Matan manya suka ce wayyo, wasu na share ido. Mai hoto ya haska su.

Ta ɗago. Hannunsa na kan kafaɗarta yanzu, da nauyi, da ɗumi. Dattijo mai shekara saba'in, ranar bikinsa, albarkarsa ba ta bushe a goshinta ba. Fuska ɗari uku na mata murmushi suna jira. Ta nemi sahun gaba da ido. Manang Pacita ta ɗan karkato gaba a kekenta, hannun hagun ya riƙe ƙarfen keken.

"Na..." in ji Zenaida. Muryarta ta dawo mata daga lasifika, ƙatuwa, baƙuwa. Kunnuwanta suka ɗauki wuta. "Na ji daɗi. Na gode, Manong."

Aka tafa. Edita ya janye makirfon ya ce a je a ci abinci kafin ya huce.

Mutane suka yi layi wajen tukwane, wasu suka yi layi wajen Crisanto da jaridunsu don ya sa hannu. Wata malamar kiɗa ta riƙe Zenaida tana tambaya ko Maestro zai yarda ɗalibanta su koyi kiɗan nasa. Wani ɗan jarida ya tambayi yadda ake rubuta sunanta. Ta amsa musu duka, ba ta san me ta ce ba. Sai da wurin ya ɗan sarara ta iya isa sahun gaba. Kujerun sun zama wayam, an bar keken shi kaɗai, wani ya ajiye wa tsohuwar farantin taliya a cinya ba cokali.

Zenaida ta durƙusa a gabanta. "Manang, ki yi haƙuri. Ya miƙo hannu ne, ni kuma... Zan je wajen edita ranar Litinin. Zan rubuta musu wasiƙa."

Tsohuwar ta dubi cinyarta. Tana ƙoƙarin ture farantin da hannu ɗaya kada ya zube mata a riga. Zenaida ta karɓa ta ajiye a ƙasa.

"Gobe in zo?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Da takarda da fensir. Don ƙarshen."

Manang Pacita ta gyara tabaraunta da yatsa. Ba fushi a fuskarta, sai gajiya. Ta juya kai a hankali, ta turo leɓe ta nuna can inda ƙanenta yake tsaye cikin mutane, yana sa hannu yana dariya.

"Ga mai shi can," ta ce. "Je ki tambaye shi."